Kunnen Maƙerin Tagulla

Shekara arba'in da huɗu ina bugun tagulla
a rumfar da ubana ya bari a kasuwar Antep.
Guduma ta ciyar da ni, ta aurar min da 'ya'ya,
ta kuma karɓi ladanta a kunnuwana,
kaɗan-kaɗan, kamar ɓera a buhun alkama.

Tsuntsaye suka fara ƙaura daga safiyata.
Sai ƙarar cokali a kofin shayi.
Sai wutsiyar kalmomi.
Na koyi gyaɗa kai inda ban ji ba,
har na yi murmushi ana ba ni labarin rasuwa.
Daren nan Mürüvvet ta dire tire da ƙarfi,
ta rubuta a bayan takardar kuɗin wuta:
Gobe za mu nemo maka kunne.

A ina? Nan gardama ta tashi.

Ɗana Tayfun ya nuna min fuskar waya:
ba layi, ba likita, kwana uku ya iso.
Ya iso. Na saka.
Duniya ta rufto min a ka,
mota, iska, taunar bakina, duk murya guda,
yana ta fito kamar butar da aka manta a wuta.
Araha ba ta ado.
Yana aljihun tebur har yau, shi da matattun batura.

Surukina na Jamus ya aiko da na marigayin babansa,
mai tsada, cikin akwatin karammiski.
Amma da kunnen wani aka auna shi.
Ni za a gaya wa?
Murfin wata tukunya ba ya zama a bakin wata.

A babban titi, shago mai gilashi da fitilu,
saurayi ya faɗi kuɗi kafin ya leƙa kunnena.
Da Tayfun yake magana, ni kamar kujera.
"Wannan ba a ganinsa sam," in ji shi.
Na ce, yaro, furfurata a fili take,
me ya rage da zan ɓoye?

Asibiti ya sa ni jiran sati bakwai.
Aka rufe ni a ɗaki mai kama da akwati,
aka ce in danna maɓalli in na ji ƙara.
Na jira. Na jira.
Ashe tuni ƙarar take kira, ba na gida.
Likita ta zana min layi mai gangarowa
kamar hanyar sauka daga tudun ganuwa,
ta ce, ga inda jinka ya zame.

Da takardar muka shiga wani ɗan lungu,
wurin wata mata, Nurhayat, mai tabarau a goshi.
Ni ta kalla. A hankali ta motsa leɓe:
"Usta Nevzat, me kake so ka ji?"
Ba wanda ya taɓa tambayata.
Na ce, tagulla, in ta yi sirara tana kuka daban.
Na yi shiru, na ce, da wannan da ke tsaye bayana.

Ta cusa min wani abu mai laushi ta ɗauki siffar kunne,
ta ce in gwada sati biyu, in dawo mu rage, mu ƙara.
Sau huɗu na koma. Ba ta tsuke fuska ba.
Mai sana'a ya sani:
ka sayi kaya inda akwai ƙofar da za ka buga gobe.

Yanzu firji yana gunaguni, takalmina yana ja,
ashe agogon bango bai mutu ba.
A rumfa nakan cire su in toshe kunne,
na sayo wa yaron aikina matosai, yana ta dariya.

Jiya Mürüvvet na yanka albasa,
tana magana ƙasa-ƙasa, yadda ta saba shekara goma.
Na amsa daga zaure.
Wuƙar ta tsaya.
Ta ce, "Tun daga ina ka ji?"
Na ce, tun daga "tsoho mai taurin kai."
Sauran ban faɗa mata ba,
abin da ta ce bayan wannan, da sunana a ciki.